Amsa: Jijiyar zuciyar Baba ta sake tsukewa bayan sitent

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba Baba lafiya. Kin ce wata 14 ke nan da sa masa sitent mai magani (ɗan bututun ragar ƙarfe da ake sawa a jijiyar zuciya don ta zauna a buɗe), yanzu ƙirjin na matse shi in ya taka zuwa masallaci, kuma an ce wurin ya sake tsukewa.

Kada ku yi saurin yarda a ƙara wani sitent kafin a gano dalili. Sau da yawa na farkon ne bai buɗe sosai ba, saboda bangon jijiyar ya taurare da kalsiyam. Wani lokaci ƙarfen ne ya karye, ko tsoka ta tsiro a cikinsa, ko sabon kitse ya taru. Hoton anjiyogiram (hoton jijiyoyin jini da ake ɗauka bayan an ɗura ruwa na musamman) kaɗai ba ya rarrabe waɗannan sosai. Ku tambaya ko suna da IVUS ko OCT, na'urorin da ke leƙa jijiyar ta ciki.

In rashin buɗewa ne, balan-balan mai ƙarfin matsi ake sa wa a faɗaɗa shi. Kalsiyam ɗin in ya yi gardama, akwai balan-balan mai farfasa shi da bugun sauti. Bayan nan sai a zaɓa: sabon sitent mai magani, ko balan-balan mai ɗauke da maganin paclitaxel da ake hurawa daƙiƙa 30 zuwa 60 ya shafa maganin a bangon jijiya, a zare shi ba a bar ƙarfe ba. In karon farko ne da wurin ya sake tsukewa, sabon sitent ya ɗan fi hana dawowar matsalar. Amma in akwai ƙarfe hawa biyu tuni, a ganina na uku ƙarin wahala ne, ramin sai ƙara ƙunci yake. A nan balan-balan mai magani ya fi. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga ciwon suga, ga jijiyoyi da dama sun toshe, a yi maganar tiyatar baifas, wato a yi wa jini sabuwar hanya ya kewaye wurin da ya toshe.

Ku fara kai shi wurin likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, da katin sitent ɗin (girma, tsawo, suna) da faifan aikin farko. A duba ƙoda tun da wuri, don ruwan da ake ɗura wa lokacin hoto yana wahalar da ita.

Asfirin da clopidogrel kuwa, magungunan hana jini daskarewa, kada ya daina sha sai likita ya ce. Dakatarwa na iya sa jini ya daskare a cikin sitent nan take, wannan ya fi tsukewar haɗari. Kitsen LDL, wato mugun kitsen cikin jini, a sauke shi ƙasa da 1.4 mmol/L. Ban da diclofenac na kemis, yana jawo zubar jini a ciki. In yana shan omeprazole, maganin olsa, a gaya wa likita, don yana rage ƙarfin clopidogrel.

In ciwon ya zo yana zaune, ko da gumi da haki, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.