Amsar tambayar rashin barci da damuwa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na saurari tambayarki. Kin ce bincike ya nuna masu ƙarancin barci sun fi fama da damuwa, to ba shi ke nan rashin barcin ne sanadi ba? A'a, ba a kai nan ba tukuna. Abin da aka gani kawai, abubuwan biyu suna tafiya tare. Ta yiwu damuwar ce ke hana barcin. Ta yiwu kuma wani abu ne daban, bashi ko ciwo, ya haddasa su duka.

Shi ya sa masana halayyar ɗan'adam suke gwaji. Mai bincike zai canja abu ɗaya tak da hannunsa, ya bar sauran yadda suke, ya auna abin da zai biyo baya. Amma inda nake so ki riƙe da kyau shi ne rabon mutanen da ake gwajin a kansu zuwa rukuni-rukuni. Babu mai zaɓar rukuninsa, shi ma mai binciken ba ya zaɓar wa kowa, ƙuri'a ake jefawa. Don me? In kika ce masu yarda a rage musu barci su koma gefe guda, waɗanda za su fito dama can daban suke da sauran. Ita kuwa ƙuri'a ba ta san mai haƙuri ba, ba ta san mai bashi ba, watsa su take yi ko'ina, har da halayen da ba wanda ya yi tunaninsu. In mutanen suna da yawa, rukunan za su fara kusan kunnen doki. To kin ga in bambanci babba ya fito daga baya, abin da aka canja ɗin nan shi za a kama.

Ga misali. A 1968, wasu masana biyu, Darley da Latané, a Amurka sun sa ɗalibai kowa a ɗakinsa, ana hira ta na'ura. Can sai a ji muryar wani kamar farfaɗiya ta kama shi, alhali murya ce da aka naɗa. Babban abin da suka canja shi ne yawan mutanen da ɗalibi yake zaton suna ji tare da shi. Waɗanda suka ɗauka su kaɗai ne, kashi 85 cikin 100 sun tashi neman taimako kafin muryar ta yanke. Waɗanda suka ɗauka akwai wasu huɗu, kashi 31 kacal. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin tambayar mutane baki da baki ba za ta fito da shi ba, kowa cewa zai yi ai zan taimaka.

Sai dai gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita. A 2015 aka wallafa sakamakon sake yin bincike 100 na wannan fanni, kuma waɗanda sakamakonsu ya sake fitowa ba su kai rabi ba.