Tambaya da Amsa: Otal zai bar littafin rajista ya koma gajimare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da otal mai ɗaki 32 a Sakkwato. Mai otal ɗin yana zaune a Abuja, ya ce mu bar littafin rajista mu koma manhajar gajimare don ya riƙa ganin lissafi daga can. Ma'aikata sun ƙi sakin jiki da abin. Ta ina za mu fara? In wuta ko intanet ta ɗauke fa? Daga wani manaja, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gajimaren nan ba a sama yake ba. Manyan kwamfutoci ne na wani kamfani, can ake adana bayananku, ku kuma ku shiga ta intanet, ku biya haya wata-wata. Ko kwamfutar otal ɗin ta ƙone a zafin Afrilu, lissafi yana nan.

Wuta da intanet su ne masu sauƙin magani. A tanadi layuka biyu na kamfanoni daban-daban, misali MTN da Airtel. Na'urar Wi-Fi ba ta cika wuce wat 10 zuwa 15 ba, laftof kuma wat 45 zuwa 65, saboda haka ƙaramar inbata da batir ɗaya sun isa, muddin ba a jona musu firji ko fanka ba. Kowace safiya a buga jerin baƙin da ke ciki da waɗanda ake jira a takarda.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen mutane. Wani tsoron kuskure yake yi, wani yana ganin korarsa za a yi. Akwai kuma wanda ya saba ba da ɗaki na 'yan sa'o'i ba tare da ya rubuta ba, ya san ƙofar za ta rufe. Na farko horo yake buƙata, na biyu a gaya masa matsayinsa ƙarara, na uku kuwa sai tsari. Kowa ya sami sunan shiga da kalmar sirrinsa. In mutum huɗu suna shiga da suna ɗaya, an yi ba a yi ba, don ba za a san wanda ya soke rasit ba. Rangwame da soke ciniki su tsaya hannun manaja. Masu shara su riƙa shigar da halin ɗaki da kansu: fanko, da baƙo, jiran shara, ko a gyara. Sai a gwada zannuwan gadon da aka kai wanki da yawan ɗakunan da aka sayar. Zani ba ya ƙarya.

A tafi da littafi da manhaja tare na mako biyu, kowane dare a daidaita tsabar kuɗi da POS da tiransifa. Daga nan a sa rana a kulle littafin, in ba haka ba kowa zai koma gidan jiya. Kada a fara ana gab da Sallah ko bikin yaye ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, lokacin da ɗakuna ke cika. Mai otal ma ya daina bugo waya yana cewa a ba wane ɗaki kyauta da baki. A shigar da shi da sunan kyauta.

Tambaya: Muna ɗaukar hoton katin shaidar baƙi. Ya halatta mu ɗora a gajimare? Daga wata ma'aikaciyar otal, Sakkwato.

Amsa: Malama, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan baƙo a wuyan otal, ko da wani kamfani ke riƙe da su. A karɓi abin da ake buƙata kawai, kuma kada hoton ya kwana a wayar ma'aikaci. Wanda ya bar aiki a rufe sunansa a ranar. Kafin sa hannu, kamfanin ya rubuta cewa za ku iya kwashe bayananku a Excel duk ranar da kuka rabu, ya kuma faɗi ko da naira za a biya ko da dala.