Baho ko shawa, kuma wa zan danƙa wa gyaran banɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Badariya da ke Birnin Kebbi, kuma ina son gyara banɗakin mahaifiyata, wadda shekarunta sun ja kuma tana fama da ciwon gwiwa. Bangon da ke tsakanin banɗakin da ɗakin kwananta ya jiƙe, har fenti yana ɓarewa. Na kira masu aiki biyu, ɗaya ya ce a sa baho na zamani, ɗayan ya ce shawa ta wadatar, kuma kuɗin da suka yanka sun yi nisa da juna ƙwarai. Wanne ya fi dacewa, kuma ta yaya zan gane wanda ya cancanci aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Malam, kafin maganar baho ko shawa, bangon nan da ya jiƙe shi ne ciwon da ya kamata a fara nema wa magani. Danshi a bayan banɗaki yakan fito ne daga bututun da ke yoyo a cikin bango, ko daga ruwan da ke bi ta tsakanin tayil yana shiga daɓe, ko kuma daga magudanar da ba a haɗa ta da kyau ba. Akwai gwajin da za ka iya yi da kanka: ka cika tanki da daddare, ka rufe kowane famfo na gidan, ka sa alama a inda ruwan ya tsaya, sannan ka duba da asuba. Idan ya ragu alhali ba wanda ya taɓa shi, to akwai yoyo a bututun da ke kawo ruwa. Duk mai aikin da ya yanka maka kuɗi ba tare da ya binciki wannan bangon ba, kwalliya zai yi a kan ɓarna, kuma ba da daɗewa ba za ka sake fasa tayil ɗin da ka saya da tsada.

Game da zaɓin kuwa, ra'ayina a fili yake: ga dattijuwa mai ciwon gwiwa, shawa ce ta dace. Baho na gama-gari tsawonsa kusan santimita 170 ne, faɗinsa 70, kuma bakinsa yakan kai rabin mita daga ƙasa. Wannan rabin mitar za ta riƙa ɗaga ƙafa tana tsallakawa kullum, da jiƙaƙƙen jiki, a kan abu mai santsi, kuma karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin al'amari ba ne. Sannan ga ruwa. Cika baho yana cin kimanin lita 150, wato jarka shida masu lita 25 daga hannun 'yan garuwa, alhali wankan minti biyar da shawa bai cika wuce lita 50 ba, bokiti kuwa lita 20 ne. A yawancin gidajen da na shiga aiki na tarar da baho, a cikinsa ake ajiye bokiti a yi wanka a tsaye, domin mu mun saba da ruwan da ake zubawa ya wuce, musamman a wankan tsarki, ba wanda ake zama a cikinsa ba. Baho yana da amfaninsa ga gida mai ƙananan yara da wadataccen ruwa, ko wanda likita ya umarce shi da jiƙa jiki, amma ba shi ne bukatar Hajiya ba.

Shawar da nake nufi ita ce wadda ba ta da dakalin tsallakawa, daɓenta ɗaya da na sauran banɗakin, sai dai an karkata shi da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa ga magudana. A sa tayil mai kaushi a ƙasa, a bar mai sheƙi ga bango. A kafa ƙarfen riƙewa da ya shiga bulo sosai kusa da wurin wanka da kuma gefen masai, a gina mata ɗan benci mai tsayin santimita 45 ko kusa da haka, a sa kan shawa na hannu mai tiyo da kuma famfo a ƙasa domin bokiti da buta da alwala. Ƙofa kuma ta riƙa buɗewa ta waje, domin idan, Allah ya kiyaye, mutum ya faɗi a ciki, jikinsa ba zai tokare ta ba. Idan za a sauya wa masai wuri kuma kana son kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, ka faɗa tun kafin a binne bututu.

Abu ɗaya da ke sa mutane su tsani shawa shi ne rashin ƙarfin ruwa, wanda ya dogara da tsayin tanki. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita ɗaya kawai ɗigo zai riƙa bayarwa, saboda haka a nemi tazarar mita uku ko fiye, ko a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfi. Idan za a sa hita saboda hunturu, bututun ruwan zafi ya zama PPR, wato bututun roba mai jure zafi, domin PVC, bututun roba na gama-gari, yana laushi idan zafi ya kai digiri 60, kuma lallai mai wayarin ya haɗa wayar ƙasa da na'urar da ke katse wuta idan ta zurare. A kan wannan ba na yarda da rangwame ko kaɗan.

Yanzu ga masu aikin. Tazarar da ka gani a kuɗinsu ba za ta gaya maka komai ba sai ka tabbatar abu ɗaya suke yi wa farashi. Ka rubuta aikin da kanka a takarda guda, ka ba kowannensu, ka ce ya raba kuɗin kaya da ladan aiki, ya faɗi irin bututu da kaurinsa, da adadin katan na tayil, da maganin hana ruwa ratsa daɓe da zai shafa kafin ya ɗora tayil, da wanda zai kwashe ɓaraguzai. Sau da yawa a nan ake gano cewa mai arahar ya tsallake maganin hana ruwan ne, ko kuma zai bar tsohon bututu a bango, kuma araha ba ta ado. Haka nan ka tambayi kowanne ko zai sa lanƙwasar da ke riƙe ruwa a ƙarƙashin magudana, wadda ita ce ke hana warin sokawe da kyankyaso dawowa ciki.

Kada hotunan da ke wayarsa su ɗauke maka hankali, domin kowane banɗaki yana da kyau ranar da aka gama shi. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ka dubi bayan bangon, ka ƙwanƙwasa tayil ka ji ko yana ƙarar fanko, ka zuba bokitin ruwa ka ga inda zai nufa, sannan ka keɓe da maigidan ka tambaye shi ko mutumin yana amsa kira idan matsala ta taso. Ka kuma san wanda zai yi aikin da hannunsa, domin ɗan kwangila yakan karɓi aiki ya bar wa yaransa. Idan gyaran zai kai ga rushe bango ko fasa daɓen bene, sai an kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba tukuna.

Jingar da kuka yi a rubuta ta, da ranar farawa da ta gamawa, a gaban shaidu biyu. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai sayi kayan matakin farko, kuma ka karɓi rasit. Kashi na biyu ya biyo bayan gwaji guda biyu da za a yi a gabanka: a saki ruwa a sabon bututu kafin a rufe shi da siminti, sannan a toshe magudana, a tara ruwa a daɓen na awa 24 zuwa 48 kafin a ɗora tayil, a ga ko zai ragu ko bangon ɗakin Hajiya zai sake jiƙewa. Ka riƙe kashi 10 cikin 100 na ladan aiki har sai ta yi wata guda tana amfani da wurin, kuma ka sanar da shi wannan sharaɗin tun ranar jinga domin kada ya zama abin rigima daga baya. Bangon da ya jiƙe kuma a ba shi makonni ya bushe sarai kafin a mayar masa da fenti.