Lissafi ya tsaya mini a wuya, ga GMAT a gabana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Tudun Wada ne a nan Zariya, na yi digirina a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, yanzu ina aiki kuma ina so in nemi MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, a ƙasar waje, makarantun da na duba duk sun ce sai da sakamakon GMAT, jarabawar neman shiga irin wannan karatun. To wallahi rabona da lissafi tun WAEC, na buɗe tambayoyin gwaji na ji kaina ya yi zafi na rufe. Dan Allah ta ina zan fara, ko dai in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka haƙura, ban yarda ba sam. Abin da ya tsorata ka ba shi ne ainihin jarabawar ba.

Bari in faɗa maka yadda take tun da aka sake mata fasali a ƙarshen 2023. Kashi 3 ce, kowanne minti 45, lissafi tambaya 21, karatu da auna hujja 23, sai na fassara bayanai da jadawali wanda suke kira Data Insights 20, duka 64 ke nan a awa 2 da kwata, maki kuma daga 205 zuwa 805, sakamakon yana aiki har shekara 5. A kashin lissafi babu kalkuleta, amma kuma an cire jometiri, abin da ya rage shi ne irin su kaso cikin ɗari, rabo, matsakaici, gudu da nisa, aikin haɗin gwiwa, da aljabara ta sakandare. Ka ga babu abin da ba ka taɓa gani ba. Abin da suke aunawa shi ne ko kana iya tunani a natse alhali agogo yana tafiya, don minti 45 a tambaya 21 minti 2 ne da 'yan daƙiƙu kowacce.

Ga misali. Buhun masara yana N50,000, ya tashi da kashi 20 cikin 100, daga baya ya sauka da kashi 20. Nawa yake yanzu? Mai gaggawa zai ce ai ya koma 50,000, kuma za ka tarar da wannan amsar a jerin zaɓuɓɓukan da aka ba ka tana jiranka. Amma tashin ya kai shi 60,000, saukar kuma a kan 60,000 za a lissafa ta, wato 12,000, saura 48,000. Duk ɗan kasuwar Sabon Gari zai ba ka wannan da ka ba tare da biro ba, don kuɗinsa ne a ciki. Kai ma irin wannan idon nake so ka samu, kafin ka taɓa lamba ka tambayi kanka kashi 20 na mene ne.

Ko a ce famfo ɗaya yana cika tanki a awa 6, wani a awa 3, in an buɗe su tare fa? Kar ka shiga ɓangarori kana wahala, ka ɗauka tankin lita 6 ne, na farko lita 1 a awa, na biyu lita 2, tare lita 3, awa 2 ke nan shikenan. Zaɓen lamba mai sauƙi ka gwada da ita halal ne a wannan jarabawar, ba wanda zai duba hanyar da ka bi.

Yadda za ka yi shiri kuwa, ka fara shiga shafin mba.com na masu jarabawar, akwai cikakken gwaji guda 2 kyauta, ka yi ɗaya yanzu ko da makin zai ba ka haushi, don ka san inda kake tsaye. Sannan ka koma littafin lissafinka na SS1 da SS2, babu kunya a ciki ko kaɗan. Jadawalin sau har 20, murabba'in lambobi har 25, da su 1/8 daidai yake da kashi 12.5, waɗannan su zauna a kanka kamar lambar wayarka. Makonnin farko kar ka sa agogo, sai hannu ya faɗa.

Amma abin da na fi damuwa da shi, wanda mutanenmu suka fi sakaci da shi, shi ne littafin kuskure. Ka ware littafi guda, duk tambayar da ka faɗi ka rubuta me ya kayar da kai, rashin sanin ƙa'ida ne, ko ba ka karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ne ya ƙure. Ina ganin matasa a Samaru suna alfaharin sun yi tambaya ɗari a dare ɗaya, ka tambaye su waɗanda suka faɗi me ya sa, shiru. Tambaya 15 da ka zauna ka tona su ta fi maka amfani nesa ba kusa ba. Tunda kana aiki, awa 1 bayan asuba kullum ta fi ka tara komai sai Lahadi.

Tambaya: Malam ni 'yar Gyallesu ce, lissafi bai cika ba ni wahala ba, amma tambayoyin nan masu cewa ko bayani ya wadatar ko bai wadatar ba, da na hujja, su ne suke rikita ni, kullum sai in ga amsa biyu duk daidai.

Amsa: 'Yar'uwa matsalarki mai daɗi ce, tana gyaruwa da wuri. A irin na farkon ba a ce ki nemo amsa ba, an ce ki duba ko za a iya samun amsa guda tak. A ce ana tambayar darajar x, bayani na 1 ya ce x sau x ya ba da 9, na 2 ya ce x ya fi sifili. Na 1 shi kaɗai bai isa ba, don 3 da -3 duk sun shiga. Na 2 ma bai isa ba. A haɗe kuwa 3 ce kawai. Ki riƙa rufe bayani na 1 da hannu in kina duba na 2, don yawancin faɗuwa daga nan take, abin da kika karanta a sama ya biyo ki ƙasa. Kuma kullum ki gwada sifili, lamba mai ragi irin -3, da rabi.

Na hujja kuma ki ware abin da ake iƙirari daga dalilin da aka kawo, sai ki nemi ramin da ke tsakani. An ce tun da aka sa fitilu a wata unguwa sata ta ragu, saboda haka fitilu ne suka rage ta. To in a watan ne 'yan sintiri suka fara aiki fa? Zaɓin da ya taɓa wannan ramin shi ne naki, wanda ya kawo tsadar fitilu ko da gaskiya ne ba ruwansa da maganar. Ki faɗa wa kanki ramin da bakinki kafin ki kalli zaɓuɓɓukan.

Ku duka biyu ku sani a kwamfuta ake jarabawar, kuma kwamfutar tana ƙara wahalar tambaya ko ta rage gwargwadon yadda kuke amsawa, kuma barin tambayoyi ba amsa yana jawo asarar maki. In ɗaya ta cinye minti 3 ba haske, ku zaɓi wadda ta fi kusa, ku sa mata alama ku wuce, in lokaci ya rage ana barin ku canza amsa har 3 a kowane kashi.