Cajin laftof: a bar ta a jone ko a riƙa cirewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum laftof ɗina tana jone da wuta a kan tebur. Wani ya ce mini hakan na kashe batir, wai gara in bari ya ƙare tas kafin in sake cikawa. Sannan ko zan iya yi mata caji da cajar wayata ta USB-C?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarar da aka ba ka ta zamanin tsofaffin batura na nikel ce. Batirin laftof na yanzu na litiyom ne, kuma barinsa ya riƙa faɗuwa zuwa sifili yana cikin abubuwan da suka fi gajiyar da shi. Kada ka bi wannan shawara.

Barin ta a jone kuwa ba ya sa caji ya yi yawa. Da zarar batirin ya cika, kwamfutar na tsayar da cajin ta koma shan wuta kai tsaye daga caja. Inda gizo ke saƙa shi ne zamansa a kashi 100 wata da watanni, musamman in an haɗa da zafi. Ka ɗora laftof a kan katifa na awa biyu, sannan ka taɓa ƙasanta ka ji. Wannan zafin ne ke cin batir a hankali, har wani lokaci ya kumbura ya ɗaga wurin da ake goga yatsa don motsa kibiyar allo. In ka ga haka, ka daina amfani da shi, a canja.

Abin da nake ba mai aiki a tebur shawara shi ne ya ƙayyade caji. A laftof ɗin Asus, manhajar MyASUS na ba ka damar tsayar da shi a kashi 80 ko 60. Manhajar Lenovo Vantage ta laftof ɗin Lenovo ma na da makamancin wannan, MacBook kuma kan lura da lokutan aikinka ta jinkirta cikawa daga kashi 80. Ranar da za ka fita, sai ka cika shi.

Cajar USB-C mai kyau ba ta da illa, domin ita da kwamfutar kan daidaita ƙarfin wuta tsakaninsu. Sai dai cajar waya mai ƙarfin wat 20 ba za ta iya da laftof mai buƙatar wat 65 ba. Za ka ga batirin na raguwa alhali tana jone. Ka kuma duba, ba kowace kafar USB-C ce ke karɓar caji ba.