Yaya zan koya wa yara rubuta ƙololuwar labari mai sa gaba faɗuwa?

Tambaya: Malam, ina koyar da yara 'yan shekara 9 zuwa 11. Idan na ba su rubutun labari, sai su cika shafi biyu da gabatarwa, amma da an zo wurin da babban abin zai faru sai su gama shi a layi ɗaya. Ga abin da wata ta rubuta min: "Sai maciji ya fito, sai ta kashe shi, sai suka yi murna." Na ce su sa sauri da tashin hankali, sai suka ƙara gajartawa. Ina mafita?

Amsa: Malama, yaran nan sun yi miki biyayya. Kin ce sauri, su kuma a wurinsu sauri shi ne a gama da wuri. Abin da za ki fara nuna musu shi ne, a ƙololuwar labari, wato wurin da babban abin ke faruwa, zuciyar mai karatu ce ake so ta yi gudu, shi kuwa lokacin da ke cikin labarin jan sa ake yi. Abin da ya faru cikin daƙiƙa goma yana iya cin layi goma, alhali tafiyar kwana uku a farkon labari jimla ɗaya ta ishe ta.

Akwai kuma gajiya, kada ki raina ta. Yaro ɗan shekara goma yana fama da riƙe fensir, yana tuna yadda ake rubuta kalma, yana kuma ƙoƙarin kada labarin ya ɓace masa, duk a lokaci guda. Kafin ya kai wurin macijin hannu ya yi tsami, hankali ya koma kan ƙararrawar tashi. Shi ya sa nake ba malamai shawarar su juya aikin: ranar farko a rubuta ƙololuwar kaɗai, tun da sauran ƙarfi, gabatarwa ta biyo baya wata rana.

Bari mu ɗauki layin yarinyar nan mu buɗe shi:

"Tana shiga ɗakin ta tsaya cak. Ƙaninta yana barci, hannunsa ɗaya a ƙasa. Kusa da yatsunsa wani baƙin abu yana motsi a hankali. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Sanda tana bayan ƙofa, taku uku daga inda take. Ta ɗaga ƙafa. Taku ɗaya. Macijin ya ɗago kai. Ta daskare. Yaron ya yi juyi. Taku biyu. Ta miƙa hannu, ta laluba. Ba sanda."

Karanta musu wannan da murya, ki tsaya a nan, ki rufe littafin. Za ki ji ajin ya ɗauka: "Malama, sai me ya faru?" To, wannan tambayar ita ce darasin gaba ɗaya. Da ita Shaharuzad ta tsira da ranta a Dare Dubu da Ɗaya, tana yanke labari da asuba daidai inda sarki ya fi ƙaguwa ya ji ƙarshensa. Tambayi yaran me ya sa suka ƙagu, ki bar su su gano da kansu.

Abu na farko da za su gano shi ne akwai abin da ake tsoron rasawa. Maciji shi kaɗai a daji ba ya tayar wa kowa hankali. Hannun ƙanin nan da ke ƙasa shi ne ya riƙe mu. Kafin yaro ya rubuta kalma ɗaya, ya amsa miki da baki: wa ke cikin haɗari, me zai rasa, kuma nan da yaushe? Idan ba wa'adi, ba ƙaguwa. Ruwa yana ƙaruwa, igiya tana tsinkewa zare bayan zare, hasken tocila yana dusashewa, taku uku sun rage biyu.

Sai kuma tsarin jimlar, kuma nan ne nake so ki ɗan daɗe, don Hausa ta ba mu kayan aiki masu kyau. Dubi yadda farkon sakin layin ya tafi da lokaci mai ci: yana barci, yana motsi. Wannan lokacin yana shimfiɗa yanayi, yana sa mai karatu ya zuba ido. Da abin ya kankama sai muka koma shuɗaɗɗen lokaci na ba da labari: ta ɗaga, ya ɗago, ta daskare, ta miƙa, ta laluba. Kowane aikatau bugun zuciya ɗaya ne. Sa yara su ja layi ƙarƙashin duk "yana" da "tana" da kala ɗaya, duk "ya" da "ta" da wata kalar, su ga da idonsu inda labarin ya canza taku. Sannan su ƙirga "sai". Yarinyarki ta sa uku a layi ɗaya, kuma kowace "sai" tana daidaita abubuwan da ba daidai suke ba, fitowar maciji ta zama nauyi ɗaya da yin murna. Ki ce su ajiye "sai" ɗaya tak don babban juyin, sauran wuraren aya ta yi aikin.

Amsa-kama, wato kalmomin da ke kwaikwayon sauti ko yanayin aiki, ma dukiya ce: cak, wuf, zumbur, tsit, ɓat. Kalma ɗaya tana yin abin da sifofi biyar ba za su yi ba. Amma da yara sun ɗanɗana "kwatsam" za su yayyafa ta ko'ina, kamar yadda suke jera alamar motsin rai uku uku. Ni ina ba su amsa-kama biyu kawai a labari, su zaɓi inda za su kashe su.

Kalmar da nake hanawa a wannan darasin ita ce "tsoro". Idan yaro ya rubuta "ta ji tsoro ƙwarai", tambaye shi a ina ta ji shi. A gwiwa? A maƙogwaro? Tafin hannu ya jiƙe? In ya rasa amsa, fito da yara biyu gaban aji su kwaikwayi wurin a hankali ƙwarai, sauran suna kallo suna faɗin kowane motsi da suka gani, ke kina rubutawa a allo. Cikin minti biyar allon zai cika da aikatau, kuma daga bakinsu suka fito.

Ki lura kuma da "Ba sanda." Dabarar farko dole ta ci tura. Idan ta yi nasara nan take, mai karatu bai samu damar damuwa ba. Gustav Freytag, marubuci Bajamushe, ya zana tsarin wasan kwaikwayo a 1863 da siffar dala mai matakai biyar, ƙololuwa a sama, kuma har yau ana zana wa ɗalibai irinta a makarantu. A zanensa ƙololuwar tana tsakiyar wasan, amma a gajeren labarin yara ta fi dacewa dab da ƙarshe. Abin da nake so yara su ɗauka daga zanen shi ne hawan: kowane mataki ya fi na baya tsanani.

Hanyoyi biyu yara ke bi su gudu daga wannan wahalar. Ko babba ya shigo ya yi ceto, ko a ce "ashe mafarki ne". Ki rufe duka biyun tun kafin a fara. Jarumar ita za ta fitar da kanta, kuma da abin da mai karatu ya riga ya gani. Idan da bargo za ta rufe macijin, to a ambaci bargon tun a gabatarwa. Nan ne rubuta ƙololuwa da farko ke ƙara amfani, don yaro ya riga ya san abin da zai koma ya dasa.

Wajen duba aikin, ajiye jan biro a zagayen farko. Ki sa kowa ya karanta wa abokin zamansa da murya, abokin ya ɗaga hannu duk inda hankalinsa ya fara tafiya wani wuri. Wannan wurin za a gyara. Ƙa'idar rubutu da alamomi su jira zagaye na biyu.

A darasinki na gaba, rubuta layin yarinyar nan a allo da izininta, ki ba ajin sakin layin da ya tsaya a "Ba sanda", kowa ya ci gaba da layi takwas zuwa goma. Bayan an gama da macijin, jimla biyu sun isa rufe labarin.