Amsa ga ɗiyata a kan al'adar sake rubuta gyara

Ɗiyata, saƙonki ya iso, kuma ya sa ni murmushi kafin ya jefa ni cikin tunani. Kin tambaye ni ko da gaske ne a zamaninmu duk jimlar Turancin da aka yi wa jan biro sai an sake rubuta ta daidai, kuma ko wannan al'ada tana da sauran amfani ga mai shirin jarrabawa tunda yanzu waya tana ja wa mutum layi a ƙarƙashin kuskurensa.

Ba na mantawa da wata safiya da malaminmu ya rubuta a allo: The box of matches are on the table. Ya ce wanda ya ga aibu ya ɗaga hannu. Muka karanta, muka sake karantawa, babu wanda ya motsa, domin kunnenmu ya ji matches kusa da are ya gamsu. Malam bai ce uffan ba. Ya ciro kwalin ashana daga aljihu ya ɗora a kan tebur, sannan ya tambaye ni abin da ya ajiye, kwali ɗaya ne ko da yawa. Na ce ɗaya. Ya miƙo mini alli, na goge are na rubuta is hannuna yana rawa. Tun daga ranar, idan na ga jimla mai tsawo, sai na fara neman ainihin wanda ake magana a kansa, in tsallake kalmomin da suka shiga tsakaninsa da aikatau. Irin wannan tarko ne masu shirya jarrabawa suke ɗanawa a each of the boys, wanda has yake bi, ba have ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai ya ƙara da cewa idon da bai saba awo ba ba ya sanin komai. Wasu kurakuran ma daga harshenmu suke tasowa: muna cewa shawarwari, sai mu rubuta advices, alhali advice da information da furniture ba sa karɓar s. Muna cewa ara mini, sai mu ce borrow me a inda lend me ya dace.

Abin da yake damuna shi ne yadda kuke taɓa layin nan ja, kalma ta canza, ku wuce ba tare da kun tambayi dalili ba, ga shi kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Ban ce lallai ki cika littafi da kwafi kamar yadda muka yi ba. Idan kin zo hutu, ki taho da takardun da aka yi miki gyara, mu zauna mu duba su tare.